Surukina da Yake Riga Yara Lasa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baban maigidana ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na kusa da zaure, nan gidanmu a Tawa, bayan jinyar da ta cinye damina da kaka. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni matar babban ɗansa ce, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Baba nake ce masa yana da rai, Baba zan ce masa yanzu.

Mutane sun zo fiye da yadda muka zata. 'Yan'uwansa na Barmu sun iso a bayan motar kasuwa, tsofaffin abokan kiwonsa na wajen Afala suka biyo su washegari, kowa yana yabon gefen da ya sani. Wani ya ce ko saniya ɗaya ta yi tari a tsakiyar garke, marigayi ya san wacce ce ba tare da ya waiwaya ba. Liman ya ce bai tuna asubar da ya juya bai gan shi a sahu ba. Waɗanda suka ba ni mamaki su ne samarin nan masu wando da 'yar shara, wasu karen mota, wasu masu koyon malanta, da suka cika ƙofar gida suka zauna cikin rana. Tsofaffin 'yan lakol ne, wato 'yan makarantar boko, waɗanda suka tashi suna sayayya a teburinsa. Ɗayansu ya ce wa maigidana, da irin kiran girmamawar nan na Faransanci, "Mushe, tsohon nan ya taɓa hana ni hoton zaki, ina kuka shina dariya, wai zakin bai nuna ba." Duk suka yi dariya, sai kuma dariyar ta mutu a bakinsu.

Ƙanin Baba ne ya yi masa wanka. Da ya fito, sai ya ja maigidana gefen madafa, bai san ina ciki ba. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, ba a hwaɗin abin da anka gani wurin wanka, amma kai ɗa nai na. Mi as sami damutsan yayana? Tabo bisa tabo, masu kusurwa huɗu, awa lambar da aka wa shanu da wuta." Maigidana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na san amsar, kuma ba na so a binne ta tare da shi.

Baba ya zo hannunmu ne a babbar yunwar farko, wajen lokacin da sojoji suka karɓi ƙasa. Ya shigo da sanda, da buta, da buzu, bayan saniyarsa ta ƙarshe ta kwanta ba ta tashi ba. Ina sabuwar aure lokacin, 'yar birni mai ji da keken ɗinkinta, kuma ba zan ɓoye ba, na zaci an kawo mini tsohon da zai zauna a zaure yana ƙirga mini lomar tuwo. Ashe ba mazauni ba ne. Ya ce wa ɗansa, "Zaman banza ya hi yunwa kashe tsoho." Aka haɗa masa ɗan tebur, ya kafa shi gindin bishiyar bedi a ƙofar wata makarantar firamare, yana sayar da alewa, gyaɗa, alli da cingam. Da an tashi shan iska yara suka yo kansa, sai ya ɗaga sanda ya ce, "Ku jeru, maruƙa!" Kuma su jeru.

Bayan 'yan shekaru aka fara kawo wasu 'yan hotuna, yara suna ce musu manne. Iri biyu ne. Akwai wanda ake ɓare bayansa a liƙa a littafi ko a allon makaranta. Akwai kuma wanda sai an lashe shi da harshe, a danna a hannu ko a goshi, a cire takardar, hoton ya zauna a fata. Zaki, jirgin sama, fure, 'yan ƙwallo. Yara suka haukace a kansu. Duk mai tebur da ba shi da manne, sai dai ya wuni yana korar ƙuda.

Baba ya saro, amma hankalinsa bai kwanta ba. Na ji shi yana ce wa ɗansa, "Abin ga ba tsiro ba na, ba nono ba na. Ban san uwa tai ba, ban san uba nai ba, kuma ɗiyan mutane na sa shi baki." Maigidana ya ce ai daga kamfani yake fitowa, masu ilimi suka yi shi. Baba ya ce ko rijiyar da ta kashe masa maruƙa wata shekara, masu hankali suka haƙa ta. Sannan ya faɗa masa yadda suke yi a daji. In makiyayi ya isa ciyawar da bai sani ba, ko ruwan da bai taɓa shayarwa ba, ba ya sakin garke. Tsohuwar saniya yake fara turawa, wadda haƙoranta suka ƙare, ta ci, a zuba mata ido. In ta kwana lafiya, a saki saura. Ya ce, "To, nan wurin ni at tsohuwar saniyar."

Mun ɗauka magana ce ta tsofaffi. Ashe da gaske yake. Duk sabon ƙullin da ya saro, sai ya shinshina, ya jefa ɗaya a kofin ruwa ya ga ko launin zai zuba, sannan ya lashi ɗaya da harshensa, ya manna a jikinsa, ya bar shi ya kwana biyu. Har wurin liman ya je ya tambaya ko abin yana hana alwala. Liman ya ce in ya tare ruwa, yana hanawa. Daga nan ya mai da shi sama da gwiwar hannu, inda ruwan alwala ba ya kaiwa. Ranar da na fara gani, ya tuɓe babbar rigarsa ne a tsakar gida don a wanke masa, sai ga dattijo mai furfura da jirgin sama a damtsen dama, ɗan ƙwallo mai tsaron gida yana tsalle a na hagu. Na cusa bakin zanena a baki, na ruga ɗaki, na yi dariya har da hawaye. Da maigidana ya dawo na ce masa, "Babanka fa ya koma aji ɗaya."

Yara su yi ta zarya suna tambaya, shi kuma ya ce bai nuna ba, su dawo jibi. Masu haƙuri su jira, marasa haƙuri su tsallaka teburin gaba. Wani ƙullin in ya yi masa ƙaiƙayi ko ya tayar masa da ƙuraje, ba ya sayarwa ko ɗaya. Sauran masu tebur suna masa kirari da malam likita, ba don yabo ba. Shi ko a jikinsa.

Duk cikin maruƙansa, babu kamar 'yar farina. Kun san al'ada: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a rungumarta gaban mutane, uwa ta yi kamar ba ita ta haife ta ba. Abin da kunya ta hana ni, shi ya yi mata ninki. Matata yake ce mata, ita kuma ta ce masa mijina mai gemu. In ya dawo da la'asar, kafin ya ajiye sanda ta riga ta cusa hannu a aljihunsa. Kullum akwai manne ɗaya da ya ajiye mata, daga cikin waɗanda suka riga suka kwana a jikinsa.

Sai aka sake yin fari, yunwa ta biyu ta zo, yarinyar tana shekara shida. Rumbun da ke bayan ɗakina, wanda ake cika mana daga gonar Barmu, ya wayi gari babu ko zangarniya. Aka rufe iyakar kudu, kaya suka daina shigowa ta hanya, sai ta daji. Lokacin ko maganar tsadar hatsi mutum zai yi, sai ya duba hagu da dama. An ɗauki mutane a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba wanda yake tambayar ina aka kai su. Yara da yawa suna zuwa makaranta ba su karya ba. Bayan mannen nan yana da ɗan zaƙi-zaƙi, sai suka gano haka. Wata rana Baba ya dawo, na kai masa abinci, ya bar shi a rufe. Na ji yana gaya wa ɗansa, "Da suna lasa don hoto. Yanzu tsotsa sukai don ciki, har takardar ta narke."

A cikin wannan hali wani mutum mai babur ya kawo masa sabon iri. Ja ne da ruwan zinariya, yana ƙyalli, babu rubutu ko ɗaya a jikin ledar, kuma yana wani wari tsakanin alewa da kananzir. Baba ya lasa, ya manna. Kafin gari ya waye wurin ya tashi ya yi ruwa, daidai girman hoton, kamar ƙunar wuta. Harshensa ya mutu wuni guda, ya ce yawunsa kamar ya tsotsi ƙusa.

Nan ya rasa yadda zai yi da ƙullin. In ya mayar wa mai babur, gobe yana ƙofar wata makaranta. In ya ƙone, hayaƙin gidan maƙwabta zai shiga, kuma a tambayi me ake ƙonawa. In ya binne, awaki su tone, ko ruwan farko ya kwashe shi zuwa tabki. In ya kai wa hukuma, tambayar farko ita ce ta ina kayan suka shigo. Sai ya naɗe shi a tsumma, ya jefa cikin rumbu kafin ya yanke shawara. A tunaninsa na mutumin karkara, rumbu wuri ne mai kwarjini, yaro ba ya shiga sai an aike shi, balle wanda babu komai ciki. Bai san tun da hatsi ya ƙare yarinyar ta mai da shi ɗakin 'yar tsanarta ba. Ni na sani, amma ni ba a gaya mini abin da aka ajiye ba.

Da la'asar ina kan keken ɗinki na ji wani kakari a bayan ɗaki. Na leƙa. Tana zaune jingine da gindin rumbu, leɓɓanta sun kumbura sun yi jawur, yawu yana zuba har ƙirji, ta yi amai ja a gabanta. A cinyarta ga takardu nan birjik, ta tsotse su sun koma fari. Ta ɗago ta dube ni, idanun suna juyawa. Ban san lokacin da na ƙwala kiran sunanta ba, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar suna, kuma ga Baba tsaye a bayana ya shigo ke nan. Na daskare, ga tsoro ga kunya. Ya ce, "Yau ba kunya, ɗiyata. Ɗauko ta."

A zaure suka yi faɗan da ban taɓa ganin sun yi ba. Baba ya kwaso ƙullin ya cusa a aljihu. Maigidana ya tare ƙofa, ya ce, "Baba, a bar takardun ga gida. Mu ce ba mu san abin da tac ci ba. Kayan sumoga na. In anka tambaya, kai gidan kaso, ni in rasa aiki, su wa za su ci da gidan ga?" Ba mugunta ba ce, kowa ya san gaskiya ya faɗa. Baba ya ce, "In mai magani bai ga ciyawar ba, mi za shi ba saniyar?" Maigidana ya ce a bari shi ya je ya yi bayani da Faransanci. Baba ya ce, "Faransancinka bai lasa ba, ni na lasa. Kauce." Ya koma ɗaki ya fito da bargo da buta. Ɗansa ya ce na mene ne. Ya ce, "In sunka riƙe ni."

Na goya ta, kanta yana lilo a bayana, ina jin zafin numfashinta a wuyana, ina tafe ina ƙidaya shi. A gidan likita muka sami majo, babban ma'aikacin jinyar da ke aiki ranar. Kafin ya gama tambaya Baba ya zube masa takardun a tebur, ya tuɓe rigarsa gaban mata, gabana, ya miƙa damtsensa. Ya ce, "Ga abin da yay yi mani waje. Ita ciki yash shiga." Majo ya daɗe yana kallon hannun nan, sabon ƙuna a tsakiyar tsofaffin tabo. Sai ya sa aka shiga da ita.

Suka wanke mata ciki, suka ɗaura mata ruwa. Da ta fara numfashi daidai, majo ya fito ya zauna kusa da Baba a kan benci. Mutumin kirki ne, bai yi mana ƙarya ba. Ya ce bai san abin da ke cikin launin ba. Mai yiwuwa launin ne kansa, mai yiwuwa buhu ɗaya aka zuba su da maganin ƙwari a hanya, kuma nan Tawa babu na'urar da za ta faɗa. Ya ce wata guba tana fita da amai, shi ke nan. Wata kuwa kwanciya take a jiki, ta yi shekaru ba ta motsa ba. Baba ya ce, "To ƙaƙa za mu san wacce ta?" Majo ya ce sai dai a zuba ido. Sannan ya sake duban damtsen ya ce, "Kai da ka daɗe kana lasa, Baba, kai ne ma za a fara zuba wa ido." Na ga maganar ta shige shi.

Yarinya ta tashi. Bayan sati tana tsalle a tsakar gida, leɓɓan suna saɓa. Masu kaki kuma suka aiko kiransa, kamar yadda ɗansa ya faɗa. Ya tafi da bargonsa, suka zaunar da shi tun safe har rana ta yi ja, suka kwashe teburin da abin da ke kai, suka ce ya tafi don tsufansa. Abu ɗaya ya roƙe su, su zaga ƙofofin makarantu su tattara jan mannen. Ko sun yi, ban sani ba. Shi dai ya ɗauki sanda ya zaga da ƙafarsa, yana naɗe hannun riga yana nuna wa masu tebur. Wasu suka tsorata suka janye nasu. Wasu suka ce baƙin ciki ne na wanda aka karɓe wa tebur.

Bai sake sayar da ko alli ba. Sai ya ɗauki wani sabon aiki. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta zai ce, "Matata, zo ki gaida mijinki." Ta zo. Ya ce ta yi masa gwalo, ya duba harshen. Ya ce ta miƙe hannuwa kamar shirwa, ya dubi yatsun. Ya ja layi a ƙasa da sandarsa ta bi ta kai. Daga ƙarshe ya ciro allura daga hularsa ya ce idon mijinta ya mutu, ta zura masa zare. Ita wasa take, tana dariya tana ce masa rago. Ni ina madafa ina jin su, ba na leƙawa, don ina tsoron abin da zan gani a fuskarsa.

Bara ne tasbaha ta fara suɓuce masa. Ya yi shiru da maganar har damina ta faɗi, ƙafafunsa suka kumbura. An kai shi likita, wani ya ce tsufa, wani ya ce ƙoda, babu wanda ya iya cewa daga mannen ne ko ba daga shi ba. Ranar da suka dawo ya aiko yarinyar ta kira ni ɗakinsa. Fiye da shekara goma da nake gidan, ban taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Na durƙusa a waje. Ya ce, "Shigo ki zamna, ɗiyata. Ba ɗana za ni hwaɗa ma ba, shi tsoro ka ruhe mai ido. Ke kina da idon mai ɗumki. Dube ni da kyau. Abin da duk kinka gani gare ni, shi za ki tsaro gare ta."

Ya jera mini su daki-daki. Ya ce da yatsu ya fara, suna mutuwa da safe, abu ya faɗi bai san ya saki ba. Sai ɗanɗanon ƙarfe ya dawo bakinsa. Sai ciwon kai a ƙeya. Daga ranar, duk abin da ya sabunta a jikinsa sai ya kira ni ya faɗa mini, har abin da suruki ba ya faɗa wa matar ɗansa, har launin fitsarinsa. Yana faɗa yana kallon bango, ni ina kallon tabarma. Ban taɓa jin tsoro irin na watannin nan ba. Ina fitowa daga ɗakinsa sai in tsaya in nemi inda take, in gan ta tana carafke da ƙawayenta, in bi hannunta da ido har dutsen ya dawo tafinta.

Ana jibi zai rasu, magana ta riga ta yi masa nauyi, na ɗaga kansa ina ba shi kunu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kila tsuhwa ta kawai. Roƙa mani Allah shi sa tsuhwa ta." Ban taɓa jin mai mutuwa yana roƙon kada mutuwarsa ta koya wa kowa komai ba, sai shi. Na ce amin.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Ya sa abin da ya lasa saboda 'ya'yan mutane ya zama shi ne iyakar ɗacin da zai ɗanɗana. Wanda duk ya taɓa tsayawa a layin maruƙansa, in wannan ya iso gare shi, ya yi masa fatiha.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Yarinyar, yanzu tana shekara goma, ita ke zagawa da kunu wurin mata. Ina daga bakin madafa na ji ƙarar kofi a ƙasa. Tana tsaye tana kallon hannunta, kunu ya ɓata mata zane. Matan suka ce, "Ayya, kewar mijinta ce, ku ƙyale ta." Na bari hankalinsu ya koma kan hira, na yafito ta bayan ɗaki. Na ce me ya faru, ta ce, "Suɓuce mini ya yi, Inna." Na ciro allura daga bakin kallabina, na tsinko zare, na ce idona ba ya gani yau, ta zura mini. Ta dube ni, hawaye suka cika mata ido, ta karɓa. Zaren ya kauce, ta lashi bakinsa ta sake, ya kauce. A na uku ya shiga.

Ban san ko da ma haka take yi ba. Baba ne ya sani.